Ƙafar Yaya Otilia

Ranar da saniyarmu Guinda ta taka ƙafar yayata Otilia, ina tsaye a bakin garke ina ɗauraye garwar madara, kuma abin da na fara tambaya shi ne ko bokitin ya zube. Bai zube ba. Otilia ta matse shi da gwiwoyinta, ta ture saniyar da kafaɗa, ta zage ta, ta haɗa da uwar da ta haife ta, ta ci gaba da tatsa. Sai da ta gama da shanun nan goma sha ɗaya sannan ta zare takalmin ruwanta, muka ga kofato ya fasa robar ya tsaga mata nama tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Farkon damina ne, cikin watan Mayu, garken kuwa ba ka rarrabe taɓo da kashin shanu.

"Ba wani abu ba ne," in ji ta. "Ɗaura kayanka ka tafi, Shugaba, kada Filemón ya bar ka."

Shugaba take ce mini don tsokana, tun da gidaje ashirin da ke kan hanyarmu ta El Guapinol suka zaɓe ni wakilinsu a ƙungiyar masu madara. Sunana Evenor, ni ne autan gidanmu, ni ne kuma aka sa a makaranta. Otilia ta girme ni da shekara goma sha huɗu, ba ta yi aure ba, kuma tun rasuwar babanmu ita ke tatsa. Aikina in ɗora garwa biyu a bayan alfadari in gangara da su mararraba, inda motar Don Filemón, wato Malam Filemón, ke tsayawa ƙarfe bakwai ta kwashi madara zuwa tankin sanyi na ƙungiya a garin Santa Brígida. Kafin zuwan tankin nan cuku Mama ke yi, 'yan sari su hau tudu su taya yadda suka ga dama, in ta ƙi ya lalace a hannunta. Don haka ba zan zagi ƙungiya ba, ita ta sa mana kwano a rufin gida. Doka ɗaya ce da ita mai tsanani: gidan da ya yi kwana uku a jere bai cika garwarsa ba, sai a ba wani gurbinsa a mota, don masu jira suna da yawa. Ni na kawo shawarar dokar a taro, aka kuma tafa mini.

Da na dawo da hantsi na tarar Mama ta wanke ciwon da ruwan gishiri, matata Marbely kuma tana girgiza gwangwanin maganin nan mai launin shuni da muke fesa wa maruƙa a cibiya.

"Wannan ai har tsutsa yake kashewa," in ji Marbely, "bare ɗan wannan yanka."

"Fesa, amarya," Otilia ta ce, ta miƙa mata ƙafar. "Ni da Guinda ai gida ɗaya muke, kwano ne kawai ba mu haɗa ba."

Muka yi dariya, har da ni. A tudunmu wannan ba baƙon abu ba ne. Duk gidan da ke da shanu, akwatin maganin dabbobi ya fi na mutane cika, kuma in ciwo ya zo cikinsa ake fara lalube.

Mako biyu suka wuce ciwon bai haɗe ba. Kullum da asuba Otilia za ta zura ƙafar cikin ledar burodi, ta sa takalmi, ta shiga taɓo. In ta fito ta kifa takalmin ruwa ya tsiyayo, wani jiƙon taɓo da shuni da abin da ba na son in tsaya kallo. Tana yawan shan ruwa a lokacin, kofi bayan kofi, tana kuma ramewa. Marbely takan ce Yaya ta samo sirrin 'yan matan birni, ita kuwa ta ce to a nemo mata miji kafin iska ta ɗauke ta.

Wata Lahadi da yamma cikin Yuni, ina baranda ina ɗinke sirdin alfadari, ta ɗingiso ta zauna a gefena.

"Evenor," ta ce.

Da na ji sunana na gaskiya na ajiye basilla.

"Ka kai ni gari a duba ƙafar nan. Ta daina yi mini zafi, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Jiya ƙaya ta shige ni, ban sani ba sai da na ga jini."

"To ai sauƙi ne ya fara zuwa, Yaya."

"Ba sauƙi ba ne. Na san sauƙi in na gan shi."

Mota ɗaya ce ke fita daga hanyarmu, ta Filemón, sau ɗaya a rana. Wanda ya bi ta sai ya kwana a gari. In kuma likita ya ce a kwantar da mutum, Allah kaɗai ya san ranar dawowa. Ban ce mata a'a ba, ban taɓa ce mata a'a ba, wannan ita ce gwanintata. Cewa na yi gobe ta zauna ta huta, ni da Marbely mu yi tatsa mu ga yadda za ta kasance, in ya yiwu jibi sai mu tafi.

Shanunmu irin na tudu ne masu tozo, ba sa ba da nono haka kawai. Sai an saki maraƙi ya ɗan tsotsa, a janye shi a ɗaure a ƙafar uwarsa ta gaba tana lasarsa, a ɗaure mata ƙafafun baya da igiya, sannan mai tatsa ya zauna a kujerarsa mai ƙafa ɗaya. Duk da haka in saniya ba ta yarda da hannun ba, sai ta riƙe nononta ƙam, ka yi ta ja kamar kana tatsar igiya. Abin da ya same mu ke nan ranar Litinin. Lucera, wadda ta fi kowace nono, ta ba ni abin da bai rufe gindin bokiti ba. Guinda ta yi wa Marbely bulala da jela mai taɓo a fuska, Marbely ta tashi tana kuka tana cewa ita ba ta yi aure don saniya ta mare ta ba. Gari ya fara haske, garwa ɗaya ko rabi ba ta kai ba, ni kuwa sai ɗaga kai nake ina duban rana.

Otilia na zaune a baranda da ƙafa a kan kujera, tana kallonmu. Na san tana kallo, shi ya sa na riƙa yin tsaki da ƙarfi. Can sai ga ta ta sauko, ta sa ledarta, ta sa takalminta. Ta karɓi kujerar daga hannuna, ta jingina goshi a cikin Lucera, ta yi mata ɗan sautin nan da take yi da harshe. Nono ya ɓarke cikin bokiti har da kumfa.

"Kun gani ko?" in ji Mama daga ƙofar kicin. "Shanun nan hannu ɗaya suka sani."

Otilia ta ɗan yi murmushi. Mutum ce, ta ji daɗi a ce akwai abin da ba ya yiwuwa sai da ita. Ni kuwa ban ɓata lokaci ba na cafke wannan murmushin na mai da shi hujja. Gwajin da muka yi ke nan, safiya ɗaya, ita ma ba mu kai ƙarshenta ba. Daga ranar maganar Mama ta zama karatun gidanmu, duk maƙwabcin da ya tambayi ƙafar Otilia da ita muke sallamarsa.

Kowa a gidan ya samu tasa rumfar ya fake. Mama ta ce asibitin birni yanka kawai suka sani, mijin maƙwabciyarmu Doña Ubalda da ƙafarsa ya shiga, a akwati aka fito da shi. Ta kunna kyandir gaban hoton Budurwa Maryamu, ta dafa ganyen gwaiba tana wanke ciwon safe da yamma. Marbely ta ce ita kowa shaida ne ta gwada, hannunta ne bai karɓa ba. Ni nawa uzurin ya fi na kowa kyan gani: baƙi za su zo. Wani kamfanin cuku yana son ya riƙa sayen madarar ƙungiya gaba ɗaya, za su turo mutum tare da wata mata daga masu tallafa mana, kuma garkenmu aka zaɓa a nuna musu.

"Su zo su tafi, Yaya, washegari da kaina zan ɗora ki a alfadari."

"Yaushe za su zo?"

"Tsakiyar Yuli."

Ta ƙirga da yatsu, ta gyaɗa kai.

Kafin tsakiyar Yuli ƙafar ta fara wari. Da farko muna yi kamar ba mu ji ba. Sai Marbely ta fara ƙona ɓawon lemo a murhu in za a ci abinci. Wata rana muna cin shinkafa da wake, ta ajiye cokali ta fita waje tana kakarin amai. Washegari Otilia ta ɗauki kwanonta ta zauna a bayan kicin kusa da itacen girki, ta ce can ya fi iska. Bayan kwana kaɗan ta kwashe shimfiɗarta daga ɗakin Mama ta koma ɗan ɗakin da muke ajiye gishirin shanu da sirdi. Ba wanda ya kore ta. Mun dai daina ce mata ta matso, in kuma ta nisa ba mu ce ta dawo ba.

Ranar baƙi ƙafar ta kumbura har takalmin ya ƙi shiga. Ni na tsaga shi ta gefe da wuƙa, ta zura ƙafar, na naɗe da robar tayar babur. Na wanke garken da omo, na shafa wa shingen farar ƙasa, na sa sabuwar rigata. Baƙin suka iso a kan dawaki da sassafe suna haki. Suka kalli Otilia tana wanke hantsa da ruwan ɗumi, tana tsane ta da tsumma mai tsabta, tana tace madara kamar yadda aka koyar a ƙungiya. Mutumin kamfani ya sa hanci cikin garwa ya ce bai ga irin wannan tsabta a tudun nan ba. Ni kuwa na buɗe baki na yi ta zuba.

"Daga hantsar saniya zuwa tanki awa biyu da rabi ne, ranku ya daɗe. A gidan nan madara ba ta jiran kowa."

Matar ta rubuta a littafinta. Da Otilia ta miƙe da bokiti tana jan ƙafa, matar ta bi ta da ido.

"Me ya samu baiwar Allah nan a ƙafa?"

"Sanyin ƙashi ne," na ce, tun kafin Otilia ta buɗe baki. "Duk damina haka yake mata."

Otilia ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi samun sauƙi. Ta juya wajen matar ta ce, "Haka ne, ranki ya daɗe, damina ce."

Aka ɗauki hoto, ni a tsakiya riƙe da garwa, ita tana can baya wajen maruƙa.

Da yamma ta same ni ina sauke sirdi.

"Sun tafi, Shugaba."

"Sun tafi, Yaya. Kin fitar da mu kunya."

"To."

Ta tsaya tana jira. Na ce mata yanzu da kamfani ya karɓe mu, makonnin farko su ne na gwaji, in garwar wakili da kansa ta zo rabi me sauran za su ce? Na ce hanya ma ta lalace, gangaren nan da ruwa ba zai yi mata daɗi ba, a bari ruwa ya ɗan ɗauke a Agusta. Ina magana ina kallon igiyar da ke hannuna. Da na ɗaga kai ta riga ta juya, tana dafa bango.

Zazzaɓi ya shigo a ƙarshen Yuli. Tana tatsa tana rawar sanyi, haƙoranta na haɗuwa, ta gama ta rarrafa ɗakin gishiri ta kwanta har yamma. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe akwatin maganin shanu, na ɗauko kwalbar allurar nan mai kauri da muke yi wa saniya in hantsarta ta kumbura, na tafasa sirinji, na rage yawan maganin da ido tunda ita ba ta kai saniya nauyi ba, na yi mata a cinya. Mama ce ta riƙe mini fitila a ɗakin don ba shi da taga. Na san ƙa'idar maganin a kan saniya tsaf, na san kwana nawa ake zubar da nononta bayan allura, ni ke koya wa mutane a taro. A kan yayata ban tambayi kowa ba. Zazzaɓin ya lafa kwana biyu, na riƙa yawo a gida ina jin kaina likita.

Ran sha ɗaya ga Agusta Lucera ta fito daga garke tana ɗingisa ƙafar baya. Ko karin kumallo ban tsaya yi ba. Na hau kan tudun da waya ke kamawa na kira Ninoska, ma'aikaciyar dabbobi ta ƙungiya, na ce ta taimaka ta zo, saniyar da ta fi kowace nono ce. Washegari wajen ƙarfe tara, ina dawowa daga mararraba, sai ga ta a kan babur duk ta yi kaca-kaca da taɓo. Yarinya ce ƙarama, ba ta da yawan magana. Muka kayar da Lucera, ta kankare kofaton, ta ciro wata 'yar tsakuwa, ta wanke ta ɗaure.

"Wannan ba komai, kwana biyu ta warke," in ji ta. Sai ta ɗaga hanci. "Amma warin nan ba daga kofaton yake ba, Don Evenor. Wata dabba ta mutu a kusa ne?"

Na ce wataƙila ɓera ne. Ba ta saurare ni ba, ta bi hancinta ta zagaya bayan shinge. Otilia na nan zaune a kujerar tatsa, ta jingina da gungume. Tun da ta gama tatsa ta kasa tashi, mu kuma ba wanda ya lura ba ta shigo gida ba.

"Sannu, Doña Otilia. Zan iya ganin ƙafar?"

"Ke da kika zo don manya, 'yata, me za ki yi da tawa?"

Ninoska ta durƙusa ta yanke robar da wuƙar da ta yi wa Lucera aiki, ta buɗe takalmin, ta zare ledar. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin. Baƙin ya hau har idon sawu, daga nan ja ya ɗauka ya nufi ƙwauri. Mako huɗu ke nan rabona da in kalli ƙafar nan da idona, ko ranar allura cinya kawai na duba.

"Tun yaushe?"

"Mayu," in ji Mama, wadda ta fito tana goge hannu.

"Me aka sa mata?"

Na faɗa mata. Feshin, ganyen gwaiba, allurar. Ban iya ɓoyewa ba, kwalbar tana kan tagar kicin.

"Lucera kuma yaushe ta fara ɗingishi?"

"Jiya."

"Jiya," ta maimaita. Ba ta ɗaga murya ba. "Jiya saniya ta yi ɗingishi, ka hau tudu ka kira ni. Lambar nan da ka kira, Don Evenor, ita ce dai a wayarka tun Mayu."

"Shanun ne ba sa yarda da hannun kowa," in ji Mama. "Mun gwada."

Ninoska ta dubi Mama, ta dube ni. Ta ce a nemo maza huɗu da ragar kwanciya yanzu, ita za ta hau tudu ta kira Filemón ya juyo da zarar ya sauke madara.

Haka muka gangara da Otilia, a raga rataye da gora, maƙwabta suna karɓa-karɓa. Duk gidan da muka wuce sai mata su fito ƙofa. Waɗanda suka ɗauke ta mutanena ne, waɗanda nake tsayawa gabansu a taro ina yi musu faɗa kan wanke garwa. In warin ya buso su kau da kai, in sun juyo kuma ni suke kallo. A mararraba Filemón ya buɗe ƙofar gaba, ya share kujera da hularsa, muka kwantar da ita, kanta a cinyar Mama.

"Kullum kujerar nan ba kowa, Evenor," ya ce yana tada mota. "Wata uku ina gaishe ka a nan kowace safiya, ni kaɗai nake tafiya da rediyona."

Na hau baya, na zauna cikin garwunan da ba komai a ciki, suna ta ƙara har Boaco, birnin da asibiti yake.

Likitar da ta duba ta ba ta tsaya kwana-kwana ba. Ta ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinta ba a sani ba, shi ya kashe mata jin zafi, shi ya hana ciwon haɗewa. Ta ce za a yanke ƙafar ƙasa da gwiwa a daren, in ba haka ba ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Na tambaye ta, ban san me ya kai bakina ba, ko da mun zo da wuri da an tsira da ita.

"A Yuni da wanki da ƙwaya ne," ta ce. "A Yuli da yatsa biyu."

Na sa hannu a takarda. Sannan na bar Mama a wurin na nemi motar haya da za ta mai da ni, saboda akwai tatsar gobe. Ko fitowarta daga ɗakin tiyata ban jira ba.

Safiyar farko ni da Marbely muka sha wuya, shanun suka riƙe nono, muka tashi da rabin garwa. Wannan karon ba mai saukowa daga baranda, don haka muka ci gaba har saniya ta ƙarshe. Safiya ta biyu hantsarsu ta cika ta yi tauri, suna ta kuka suna leƙen ƙofar gida, amma garwa ɗaya ta cika. Safiya ta uku Marbely ta zauna ƙarƙashin Guinda, wadda ta mare ta, ta kama nono tana ƙunƙuni. Sai na ji ƙarar madara a bokiti, mai ƙarfi, ba yankewa. Lucera ta saki a hannuna. Ɗaya bayan ɗaya duk goma sha ɗayan suka saki. Garwa biyu suka cika har wuya. Marbely ta rufe su tana share hawaye da kafaɗa, ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Gurbinmu a mota ko girgiza bai yi ba.

Ina gangarawa da alfadari a safiyar nan na riƙa duban gidajen hanyarmu ɗaya bayan ɗaya. Ni ke riƙe da sunayensu, na san duk sunayen maza ne. Amma na san wa ke tatsa a kowane gida. A nan gwaggo ce da mijinta ya mutu, a can 'yar da aka cire daga makaranta, a gaba matar da ke goyo da ciki. Mun yi taro a kan hanya, a kan tanki, a kan irin tsumman da za a tace madara da shi. Ban tuna ranar da wani ya tashi ya tambaya wa zai karɓi mai tatsa in ta kwanta ba, ni ma da nake gaba ban taɓa tambaya ba.

A ranar na bi Filemón zuwa gari, na wuce Boaco. Otilia na kwance a gado na ƙarshe kusa da taga. Ta yi fari, amma idonta ya washe. Zanin gadon ya tashi a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ya kwanta shafal daga gwiwa. Mama ta fita neman ruwan zafi. Na ajiye lemon da na sayo, na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi.

"Shanun sun saki?" ta ce.

Tun a mota nake shirya ƙarya. Na shirya in ce mata sun ƙi, suna ta kukanta, sai da muka roƙi maƙwabta. Na ɗauka hakan zai yi mata daɗi. Da ta kafe ni da ido sai ƙaryar ta maƙale.

"Sun saki, Yaya."

"Yau ko?"

"Yau da safe."

"Kwana uku ke nan." Ta gyaɗa kai a kan matashi. "Ai ba sa wuce haka. Nono in ya cika dole saniya ta saki, ko wa ya zauna."

"Kin sani?"

"Kai ma ka sani. Shekarar da Baba ya karye a hannu na karɓi tatsa, haka suka yi mini. Ina kuka, ya ce in jure kwana uku. Kana zaune a kan shinge kana cin mangwaro, har kana yi mini dariya."

Na kama ƙarfen gadon.

"Ranar nan da na sauko daga baranda," ta ce, "ba don na fi ku hannu ba ne. Tsakinka ne ya dame ni. Na ɗauka in na zo za ka ce, Yaya koma ki zauna, za mu jure. Hannu kawai na miƙa ga kujerar, sai ka sakar mini ita."

Ta juya fuska wajen taga. Ba ta yi kuka ba, ni ne na tsaya riƙe da ƙarfen gadon ina kallon ƙasa. Da ma a ce mantawa na yi, da na roƙe ta gafara a kan mantuwa, da ta yafe, don Otilia ba ta da riƙo. Amma ban manta ba. Na tuna shingen, na tuna mangwaron, na tuna muryar Baba. Kuma ba a asibitin na tuna ba. A safiyar Litinin ɗin nan ta Yuni na tuna, lokacin da nake miƙa mata kujerar.